Yadda Ake Gina wa Haske Magudana a Cikin Dutse

Duk manomin rani da ke jan ruwa daga madatsar Gari a ƙasar Kunci ya san ba dukan ruwan da ya shiga magudana ke isa fangali ba. Wani ƙasa ta shanye, wani ya tsiyaye ta gefen da ya zaizaye. Irin matsalar da masana ilmin haske suka shekara hamsin suna fama da ita ke nan, sai dai su tasu magudanar cikin dutse take, abin da ke gudu a cikinta kuwa haske ne.

Shi wannan dutse sunansa litiyam nayobet. Ba haƙo shi ake yi ba. Ma'adinai biyu ake haɗawa, watau litiyam da nayobiyam, a narkar da su da zafin da ya kai digiri 1,250, sa'an nan a tsoma ɗan tsagin dutsen a ciki, a riƙa jansa sannu sannu yana juyawa, har ya fito curi guda garau kamar ƙarau. A 1965 aka soma samunsa ta haka a ma'aikatar bincike ta Bell a Amurka. Darajarsa ita ce, in an sa masa wutar lantarki sai saurin haske a cikinsa ya sake. Zaren gilashin da ake binnewa domin waya da intanet ɗaukar haske kurum ya iya. Dutsen nan shi ke kunna hasken yana kashewa sau dubban miliyoyi a daƙiƙa guda, da haka ake rubuta saƙo.

Asirin magudanar ɗaya ne: haske yakan tsare a wurin da gudunsa ya fi raguwa, gefe da gefe su riƙa komo da shi ciki. Saboda haka aikin shi ne a sāke halin wani siririn layi a fuskar dutsen, wanda faɗinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na silin gashi ba.

A 1974 Schmidt da Kaminow suka shimfiɗa layin ƙarfen titaniyam a kan dutsen, suka gasa shi sa'o'i da yawa da zafin digiri 1,000, ƙarfen ya ratsa ciki kamar yadda baba ke ratsa zane a marina. Hanyar ta yi kyau, amma tana da aibi: zafin yakan kori litiyam daga fuskar dutsen, hasken ya bazu inda ba a nufa ba. Maganin da aka samu shi ne a riƙa shigar da tururin ruwa cikin tanda. A 1982 kuma Jackel da abokan aikinta suka jiƙa dutsen a narkakken asid mai zafin digiri 200 da ɗoriya. Wannan ta fi sauƙi, sai dai tana raunana ikon da lantarki ke da shi a kan hasken, sai an sake gasawa yake komowa.

Magudanar titaniyam mai kyau takan yi hasarar kamar kashi 2 cikin 100 na haskenta a kowane santimita. Ga na'ura mai tsawon ɗan yatsa wannan ba kome ba ne. Abin da ya rage mata shi ne gefenta ba shi da ƙarfi, ba ta iya shan kwana sai hasken ya fice, don haka na'urar ba ta ƙanƙancewa. Shi ya sa aka koma ga feɗe ɓawon dutsen da bai kai kauri kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, a manna shi a kan gilashi, a sassaƙa magudanar tsaye kamar kunya. A nan kaushin gefe shi ne babban abokin gaba, domin dutsen yana da taurin kai wajen sassaƙa, ko ɗan gargada kaɗan sai ya watsa haske. A 2017 masana a Jami'ar Harvard suka yi wadda ke kai fiye da rabin haskenta tsawon mita guda.

Nayobiyam kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Daga kolumbait ake fid da shi, baƙin yashin da ke fitowa tare da kuza a tsaunukan Jos da na Liruwai a kudancin Kano, wanda masu haƙar kuza suka daɗe suna zubarwa. A shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, kafin a buɗe ma'adinan Brazil a shekarun 1960 kasuwar ta koma can.