Shin hankalin mutum na daina girma bayan ya balaga?

Masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya kasa bunƙasar tunani zuwa matakai huɗu, na ƙarshensu kuma yana farawa tun wajen shekara 12. To daga nan fa, an tsaya ke nan?

Wasu masana sun ce a'a. A shekarar 1984, Michael Basseches na Amurka ya wallafa littafi inda ya zayyana sigogi 24 na wani irin tunani da ke nuna a lokacin manyanta, wato iya riƙe hujjoji biyu masu karo da juna ba tare da gaggawar watsar da ɗaya ba. Daga bisani Otto Laske ya mayar da su 28 domin amfanin masu horar da shugabanni, ya kuma raba su gida huɗu: mahalli, gudana, alaƙa da rikiɗa.

Ɗauki misalin manajan da ciniki ya ja masa baya, yake ganin ko dai ya sallami ma'aikata ko ya rufe kamfani. Mai horarwa ba zai zaɓa masa ba, tambayoyi zai yi. Wane yanayi kasuwar take ciki? Yaya aka yi aka zo nan? Idan ƙwararru suka tafi, wa zai riƙe abokan ciniki? Wace sabuwar siga kamfanin zai iya ɗauka?

Furfura kaɗai ba ta kai mutum wannan matsayi, sai da koyo da yawan gwadawa. Shugaban da bai san komai ba sai fari ko baƙi kuwa, na ƙasa da shi ne ke shan wahalar hukuncinsa.