Jirgin Iska a Ruwan Gaya

Gaya ta Nijar ba ta da teku, amma jirgin da iska ke turawa ya taɓa bi ta ruwanta, wato kogin Kwara.

Na Mungo Park ne, Baturen Birtaniya. A Sansanding, cikin Mali ta yau, ya haɗa shi a 1805 da wasu kwale-kwale biyu da suka fara ruɓewa. Tsawonsa ƙafa 40, faɗinsa ƙafa 6 kacal. Aka kafa masa sanda, aka ɗaura ƙyallen kama iska, aka raɗa masa suna Joliba.

Mutum tara suka shiga: Turawa biyar, ragowar fiye da 40 da suka taso, zazzaɓi da atini suka cinye sauran a hanya, sai tafinta Amadi Fatuma da bayi uku. Ɗaya daga cikin Turawan ma hankalinsa ya riga ya gushe. A wannan ɗan matsatsin ake girki, a nan ake barci, a nan ake gadi da bindiga, mako bayan mako, tafiyar sama da kilomita 1,600. Park ya ƙi sauka tudu. Tafinta ne ke fita ya sayo shinkafa da albasa da kaji da nono. Ni dai ina ganin nan ya yi wauta: baƙon da ke wuce ƙofar sarakuna ba sallama, gaba yake tara wa kansa.

A Yawuri tafintan ya sauka. A duwatsun Busa jirgin ya maƙale a 1806, Park ya nutse. Tsohuwar Busa kanta tana ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968.

Bayan shekara 90, a 1896, Bafaranshe Hourst ya bi wannan hanya da jirgin alminiyam mai suna Davoust. Ya yada zango wata biyar kusa da Say, kuma shi ya tsallake Busa har teku.

Matuƙin kogi ya fi na teku gata ɗaya: ruwan shansa na ƙarƙashinsa. Robin Knox-Johnston, da ya zagaye duniya shi kaɗai cikin kwana 312 ba tsayawa daga 1968 zuwa 1969, ruwan sama yake tara daga ƙyallen jirginsa.

Sau biyu kogin ke cika a Gaya: jan ruwa da damina, baƙin ruwa lokacin hunturu, sa'ad da ko ɗigo ba ya sauka. Baƙin ruwan nan ruwan saman Gini ne, fadamun Mali suka riƙe shi watanni.

Mafarin kogin kuwa kilomita 240 ne daga teku, amma sai ya juya mata baya ya yi tafiyar kusan 4,180.

Tsibirin Lete da ke sama da Gaya, sai da kotun duniya ta zauna a 2005 kafin ta tabbatar na Nijar ne.