Zaɓen na'urorin nuna hoto kai tsaye a tarukan Katsina

A birnin Katsina, ana ƙara amfani da manyan allunan nuna hoto a bukukuwan aure, da wuraren tafsirin watan Ramadan, da kuma tarukan siyasa a filin wasa na Muhammadu Dikko.

Abin da mai wannan sana'a zai fara tsayarwa shi ne na'urar da za ta riƙa sauya hotunan kyamarori: ko akwatin haɗa hoto mai zaman kansa, ko kuma kwamfuta mai manhaja irin su vMix ko OBS.

Akwatin, kamar ATEM Mini da kamfanin Blackmagic Design ya fitar a 2019, yana karɓar kyamarori 4, kuma jinkirinsa kaɗan ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin idan leɓen malami a allo ya saɓa da muryarsa a lasifika, nan take jama'a ke lura.

Kwamfuta ta fi ƙawata hoto da rubutu, amma ƙarfinta na ga katin sarrafa hoto, shi ya sa masu vMix suka fi ba da shawarar katin Nvidia. Sai dai zafin Afrilu, da kan kai digiri 40, da ƙurar hunturu kan sa kwamfutar tafi-da-gidanka ta rage gudu ana tsakiyar taro.

Wayar HDMI, wadda ita kaɗai ATEM Mini ke karɓa, ba ta cika wuce mita 15 lafiya ba, yayin da SDI kan kai mita 100, don haka babban fili na buƙatar na'urar sauya siginar.

Haka kuma wajibi ne a sanya batirin riƙe wuta, saboda ɗan lokacin da ke tsakanin ɗaukewar wutar KEDCO da tashin janareta.