Ya Halatta A Kai Ƙara Wajen 'Yan Sanda? Kuma Wane Haƙƙi Talaka Yake Da Shi A Kansu?

Tambaya: Malam, a ƙauyukanmu na Batsari da Safana mutane na gudun caji ofis, wasu har suna cewa kai Musulmi ƙara can haramun ne. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ya kai ɗan'uwa, ka sani aikin ɗan sanda ba baƙo ba ne a Musulunci. Larabawa na kiransa shurɗa, kuma Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Ƙaisu ɗan Sa'ad yana gaban Annabi (SAW) a matsayi irin na shugaban shurɗa a wajen sarki. Neman haƙƙinka ta hannunsu halal ne muddin gaskiya ka faɗa. Haramun shi ne ƙarar ƙarya, ko amfani da su don wulaƙanta wanda kake jin haushinsa.

Batsari da Safana kowacce tana da ofishin 'yan sanda ƙarƙashin baturen 'yan sanda, wato DPO. Ga abin da doka ta ɗora musu:

Na farko, karɓar ƙara da bincike, kamar satar shanu, garkuwa da mutane ko rauni. A gaggawa akwai lambar 112.

Na biyu, beli. Kyauta ne, ba saye ake yi ba, kuma mace ma tana iya tsaya wa mutum. Tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin awa 24 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuwa cikin awa 48. Manyan laifuka irin su kisan kai, babbar kotu ce ke duba belinsu.

Na uku, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, kamar yadda Alƙur'ani ya hana ɗora wa wani laifin wani. Ta kuma hana kama mutum don bashi kawai. Wannan na alƙali ne.

Na huɗu, kuma ka riƙe shi da kyau tunda muna bakin dajin Rugu: dokar 2017 ta wajabta wa kowane asibiti ya karɓi wanda aka harba da bindiga nan take, ba sai an kawo takardar 'yan sanda ko an ajiye kuɗi ba. Asibitin ne zai sanar da su bayan an fara magani. Don haka asibiti za ka fara nufa da mai rauni, kada jini ya ƙare kana neman takarda.

Kai ma akwai naka nauyin. Aya ta 283 a Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida. Wanda ya san mai kai wa 'yan bindiga abinci, fetur ko labari, ya sanar da hukuma. In yana tsoron a tona shi, ya bi ta hannun mai unguwa, dagaci ko hakimin da ya amince da shi. Amma ɗaukar doka a hannu, a kashe mutum bisa zato ko don ƙabilarsa, zalunci ne babba, kuma shi ke jawo ramuwa a kan garin da bai ji ba bai gani ba. Ko rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023 ba kotu ba ce. Wanda ta kama hukuma take miƙa wa.

Idan wani jami'i ya nemi cin hanci ko ya zalunce ka, riƙe sunansa da ranar, ka kai kuka ga DPO, in ba a ji ba sai ofishin Kwamishina a Katsina.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wallahu a'alam.