FASHIN BAƘI: Abin da ɗakin tiyata ya tona game da sigari

A shekarar 1919, a wani asibitin koyarwa da ke birnin St. Louis na Amurka, an tara ɗaliban likitanci domin su kalli binciken gawar wani mutum da sankarar huhu ta kashe. Malaminsu ya shaida musu cewa cutar ba ta cika faruwa ba, wataƙila ba za su sake ganin irinta ba har su bar aiki. Cikin ɗaliban akwai Alton Ochsner. Ya shafe shekara 17 bai sake cin karo da ita ba, sai a 1936, yana likitan fiɗa a New Orleans, ya ga masu ɗauke da ita har tara cikin wata shida. Dukansu mashaya sigari ne da suka koyi sha a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da ake raba wa sojoji taba tare da guzuri.

Zargi kawai Ochsner yake da shi. Wanda ya kawo hujja wani ɗalibi ne, Ernst Wynder, haifaffen Jamus da iyayensa suka yi hijira zuwa Amurka don tsere wa mulkin Nazi. Ya nemi babban likitan fiɗa Evarts Graham ya ba shi damar yi wa majinyata tambayoyi kan tarihin shan tabarsu. Graham ba ƙaramin mutum ba ne: shi ne ya fara samun nasarar cire huhu guda sukutum daga jikin mai sankara, a 1933. Amma shi kansa mashayi ne, kuma da farko bai ɗauki maganar yaron da muhimmanci ba. Sakamakon da suka wallafa a 1950 ya nuna cewa cikin maza 605 masu sankarar huhu, kashi 1.3 cikin ɗari ne kacal ba sa shan taba. A shekarar ce kuma Richard Doll da Bradford Hill suka fitar da irin wannan sakamako a Ingila. Graham ya daina sha, sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe: sankarar huhu ta kashe shi a 1957, yayin da majinyacin da ya yi wa tiyata a 1933 yake raye.

Abin da ɗalibi ke gani idan aka buɗe ƙirjin mashayi yana da bayani. Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kuma kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa sankara. Kwaltar da ke cikinsa tana kashe ƙananan gasun da ke share majina daga hanyoyin numfashi, datti ya taru, ƙananan jakunkunan iska su yage. Nikotin na tsuke jijiyoyin jini, iskar kabon monoksaid kuma tana ƙwace gurbin iskar da jini ya kamata ya kai wa gaɓoɓi. Shi ya sa ɗinkin mashayi ke jinkirin warkewa, ciwo ya ruɓe, numfashi ya ba masu ba da maganin barci wahala, ko da tiyatar ƙaba ce ko ta karaya. Wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa wanda ya daina sha aƙalla mako huɗu kafin tiyata ya fi samun sauƙin waɗannan matsaloli.

Kamfanonin taba ba su miƙa wuya ba. A Janairun 1954 suka sayi shafuka a ɗaruruwan jaridun Amurka suna cewa ba a tabbatar da komai ba tukuna. Dabarar shuka shakku ta ci gaba har bayan rahoton babban jami'in lafiya na Amurka na 1964, kuma sai a 1998 suka amince su biya jihohi 46 kimanin dala biliyan 206. Da kasuwa ta tsuke musu a can, sai suka ƙara karkata ga ƙasashe masu tasowa, inda sama da kashi uku cikin huɗu na mashayan duniya suke a yau.

Najeriya ta amince da yarjejeniyar taƙaita taba ta duniya a 2005, ta yi dokarta a 2015. Dokar ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma haramta sayar da kara ɗaya-ɗaya. Duk wanda ya tsaya wurin mai tireda a tasha ya san yadda ake bin wannan sashe. A Disambar 2023 hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta ci kamfanin British American Tobacco tarar dala miliyan 110 bisa karya dokokin gasar kasuwanci da na lafiyar jama'a. Tarar tana da girma, amma ba ta taɓa farashin kara ɗaya da ɗan sakandare ke iya saya da canjin kuɗin motarsa ba.