Kotun Sumner: ginin ƙauye da ya ga shari'ar Emmett Till

A tsakiyar Sumner, wani ɗan gari na manoman auduga a jahar Misisipi ta Amurka, akwai ginin kotu na bulo da aka sake ginawa a 1910, bayan gobara ta cinye na farko. Bene ne mai kaurin bango, da hasumiya a kusurwa guda, da dogayen tagogi masu lanƙwasa daga sama kamar bakan gizo. Zauren shari'a yana sama. A harabar kuma, har yau akwai gunkin sojan Kudu, ɓangaren da ya yi yaƙi don kada a hana bauta.

Gundumar Tallahatchie na da kotu biyu, ɗaya a Charleston, ɗaya a Sumner, domin a da kogi kan raba gundumar biyu idan ya cika.

A watan Agustan 1955, wasu fararen fata suka sace Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14 da ya zo hutu daga Shikago, bisa zargin ya yi wa wata farar mace fito. Bayan kwana 3 aka tsamo gawarsa daga kogin.

An gurfanar da Roy Bryant da J.W. Milam a wannan zaure daga 19 zuwa 23 ga Satumba. Baƙaƙe suka zauna a baya, ƴan jaridarsu kuma aka ware musu wani ɗan tebur a gefe. Dattijo Mose Wright, wanda a gidansa aka ɗauke yaron, ya miƙe ya nuna Milam da yatsa, abin da kan iya jawo wa baƙar fata kisa a lokacin. Daga baya sai da ya bar jahar. Masu yanke hukunci 12, duka fararen fata maza, suka wanke mutanen biyu cikin minti 67. A Janairun 1956 suka amsa laifin a mujallar Look, sun san doka ta hana sake yi musu shari'a.

A 2007 shugabannin gundumar suka nemi gafarar dangin Till a gaban ginin. An gyara zauren ya koma kamannin 1955, aka buɗe shi a 2015. Ranar 25 ga Yulin 2023 shugaba Joe Biden ya sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa. Har yanzu ana zaman shari'a a ciki.