CIWON DASASHI: KA GANE SHI TUN DA WURI

Jama'a, mutane da yawa su kan zo mini ɗakin magani da haƙori yana girgiɗi, su ce jiya ya fara. Ba jiya ba ne. Haƙori kamar katanga ya ke, dasashi shi ne gindinta. In ruwa ya ci gindin katanga, kome kyanta sai ta faɗi.

Ga yadda abin ya ke farawa. In mutum ya ci abinci bai wanke baki ba, wani farin datti mai danƙo ya kan taru a gindin haƙora. Cikinsa akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. In ya daɗe sai ya daskare, asuwaki ba ya iya fid da shi. Shi ne ke sa dasashi ya kumbura.

To, mai gida, ɗauki madubi ka duba. Dasashi mai lafiya yana da ƙarfi, yana manne da haƙori, ba ya jini. Alamun ciwo su ne waɗannan:

1. Jini a kan asuwaki, ko a kan goro in ka gatsa.
2. Dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya yi taushi.
3. Warin baki wanda ba ya tafiya ko an kurkure.
4. Dasashi ya janye, haƙori ya zama kamar ya ƙara tsawo.

Kada ka ce ai ba ya zafi. Da farko ba ya zafi, shi ya sa ya ke ruɗin mutane. Mai shan taba ma jinin ya kan ɓuya, alhali ciwon yana ci. Mace mai ciki da mai ciwon sukari su ma su kula ƙwarai.

In ka ga jini, kada ka daina goge baki. Ka riƙa gogewa a hankali da asuwaki mai laushi ko burushi da man goge baki, safe da dare, har gindin haƙora. Ka kurkure da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. In mako 2 ya wuce jini bai tsaya ba, ka zo mu duba. In an kama shi da wuri ya kan warke sarai, amma in ya ci ƙashin da ke riƙe da haƙori, ƙashin ba ya komowa.

Ke kuma uwar gida, ki riƙa buɗe bakin yaranki, musamman 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda su ka rame ko su ka tashi daga ƙyanda. In kin ga dasashin yaro yana jini, yana wari, kumatu ya kumbura, kada ki kwana. Wannan yana iya zama cutar Noma, wadda ta ke cin fuska cikin 'yan kwanaki. Da wuri magani yana tsai da ita. A Sakkwato akwai asibiti musamman dominta tun 1999.

Haƙoran babba 32 ne, wanda ya fita kuwa ba ya sake tsirowa. Rigakafi ya fi magani.